Amsoshin Tambayoyinku: Shin Rashin Natsuwar Yara Gado Ne?

Tambayar yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Makarfi, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Ɗanta ba ya iya zama wuri guda, a boko da Islamiyya, kuma dangi sun ce haka mahaifinsa ya taso. Tana son sanin ko gado ne.

To, Malama, likitoci na kiran irin wannan larura ta rashin natsuwa da yawan kai-komo ADHD, kuma lallai gado na da babban hannu a ciki. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin da ake gani tsakanin yara daga gado yake.

Sai dai ba ƙwayar gado guda ce ke jawo ta ba. A 2023, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun gano gurabe 27 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da larurar, kowane da ɗan tasirinsa. Galibin waɗanda aka bincika Turawa ne, abin da ya kamata ya dami masananmu. Haihuwar bakwaini da gubar dalma su ma suna ƙara haɗarin.

Babu gwajin jini da ke tabbatar da ADHD. Likita kan saurari iyaye da malamai, ya lura da yaron, don haka a daina bulala, a kai shi Asibitin Koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna.