Yadda Gari Zai Miƙe Bayan Gobarar Daji: Jagora Ga Mutanen Morai Da Kewaye

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busawa, ciyawa ta bushe ƙayau, dammunan gero da dawa kuma suna jibge a gona ko an zuba su a rumbu, tartsatsi ɗaya ya isa ya lashe noman shekara. A ƙasar Morai da ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, wutar daji galibi daga hannun mutum take tashi: yara masu farautar gafiya, mai ɗibar zuma da ya yar da bakin wuta, manomin da ya ƙona kara ya tafi bai ga mutuwar wutar ba, ko mai son sabon tsiro ya fito wa dabbobinsa. Idan ta riga ta afku, garin da ya haɗa kai ya rubuta asararsa shi ke samun agaji. Ga yadda ake yi.

Da farko a ceci rai. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, a rufe da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti. Sannan a bi kututture da tarin taki da gindin rumbu a tabbatar sun mutu, domin sukan kwana suna ci a ɓoye, iskar asuba ta sake hura su. A sa matasa gadi a daren farko.

Washegari a kafa kwamiti, kuma kada ya yi yawa. Mai unguwa, liman, arɗon Fulanin da ke kusa, dattijuwa ɗaya daga cikin mata, wakilin matasa, da malamin makaranta da zai riƙe biro. A zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawun kowa. Idan mutum biyar suka je sakatariya da labari biyar, jami'i ya sami hujjar ajiye takardar.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne rubuta asara, kuma a yi shi kafin a share toka. A bi gida gida da gona gona. A rubuta sunan mai kaya, da abin da ya ƙone da adadinsa: dami nawa na gero, buhu nawa na wake ko shinkafa, rumbu nawa, ɗaki nawa, awaki da tumaki nawa, har da harawa da kara, tunda su ne abincin dabba har faɗuwar damina. A ɗauki hoto da waya, mai kayan yana tsaye a wurin. Maƙwabta biyu su shaida, su sa hannu ko su dangwala. Ina roƙon 'yan kwamiti da babbar murya, kada a ƙara gishiri. Jami'in da ya zo tantancewa ya kama ƙarya a gida ɗaya, zai yi shakkar sauran duka. Akwai kuma waɗanda kullum ake mantawa: matan da ke cikin kulle, waɗanda kayan ɗakinsu da 'yan awakinsu su ne jarinsu, da zawarawa, da marayun da ba su da mai tsaya musu. Saboda su ne aka sa mace a kwamiti, ita za ta shiga ta ji daga bakinsu. A yi kwafi uku, ɗaya ya zauna wurin liman.

Kafin a fita da takarda, a kama baki. A Zamfara ta yau, kalmar "su wane ne suka cinna" tana iya jawo asarar da ta fi ta gobarar. Kada a ɗora wa ruga ko ƙauyen maƙwabta laifi a kan zato. Idan akwai wanda ya gani da idonsa, ya faɗa wa dagaci a gaban shaidu, a bar hukuma ta bincika. Idan kuwa 'yan bindiga ne suka ƙona rumbuna, kamar yadda suke yi a wasu garuruwa, wannan magana ce ta tsaro, a kai ta wurin 'yan sanda da sojoji, a kuma rubuta ta yadda take, kada a laƙaba mata sunan gobarar daji.

Sai kai kuka. Hanya biyu ake bi a lokaci guda. Ta sarauta: dagaci zuwa uban ƙasa zuwa fadar sarki, ko ta Mafara ko ta Bakura ko ta Maradun. Ta gwamnati: kansila zuwa shugaban ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha a Gusau, wadda ke aiki tare da NEMA, hukumar tarayya da aka kafa a 1999, mai ofishi a Sakkwato. Duk inda aka miƙa takarda a nemi a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a komo da shi. A faɗi buƙata ƙarara: hatsi buhu kaza, kwanon rufi bandir kaza, irin shuka kafin ruwan farko. "A taimaka mana" kawai ba ta cika haifar da komai ba. A rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, da ɗan majalisar yankin, da ƙungiyar Red Cross. In an ji shiru bayan mako biyu a koma, in shirun ya yi tsawo a kai maganar gidan rediyo, da adadi a hannu, ba da zagi ba. Dattawan wannan yanki ba su manta da rikicin Bakolori na 1980 ba, wanda ya taso kan diyyar gonaki ya kuma ci rayukan manoma. Haƙƙi ake nema, amma da takarda da shaidu da naci.

Kada a zauna jiran Gusau. Kowane gidan da wuta ta tsallake ya fitar da dami ko kwano gwargwadon hali, a kira gayya a ɗaga ɗakuna da rumbuna. Duk abin da ya shigo, na gari ko na gwamnati, a raba shi a fili, a ƙofar mai unguwa, ana karanta sunaye daga takardar nan.

Mataki na ƙarshe shi ne hana gobarar dawowa. Da zarar an gama girbi, a share fili mai faɗin taku goma ya kewaye gari da wurin ajiye dammuna, ba ciyawa ba kara. Saboda matsalar tsaro, a fita wannan aiki da rana, a cikin jama'a, bayan an sanar da jami'an tsaro. A nisanta rumbuna da juna, a raba su da murhu da tarin harawa. A zauna da mafarauta da makiyaya da masu zuma a amince cewa ba mai ƙona daji sai ya sanar da mai unguwa, kuma sai da yamma idan iska ta kwanta. Tun 2011 akwai ƙa'idar tarayya da ta hana ƙona daji barkatai, kwamiti na iya dogara da ita. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san ba a jingina da waya kaɗai. A ajiye wata alama da kowa ya sani, ko lasifikar masallaci ko ganga, a tanadi ganguna cike da ruwa da tarin yashi kusa da rumbuna.

Masu unguwanni da limamai, ku kira zaman mafarauta da makiyaya da masu zuma kafin ƙarshen Oktoba, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.