Tausar dokin sukuwa da kula da shi daga damina zuwa bazara

Darasinmu na yau kan dokin sukuwa ne, wanda ake kaiwa fili a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, da wanda ake hawa ranar salla. A aikina na malamin dabbobi, yawancin dawakin da ake kira na in duba don ɗingishi sun daɗe da nuna alama, sai dai ba wanda ya taɓa jikinsu ya ji. Doki ba ya magana. Hannun mai shi ne ke gano ciwo tun yana ƙarami, kafin dabbar da aka kashe wa dukiya ta koma zaman turke.

Kafin ka taɓa shi

Tausa ta lafiyayyen doki ce wanda ya gaji. Don haka fara da awo. Dokin da ke hutawa, zafin jikinsa digiri 37,5 zuwa 38,5 ne, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, numfashinsa sau 8 zuwa 16. Ana jin bugun jini da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. In awon ya wuce haka, bar tausa, nemi likitan dabbobi.

Kada ka tausa wurin da ya kumbura yana zafi, ko miki, ko ƙurji, ko agarar da ta kumbura bayan gudu. Agara ruwan sanyi take so, kamar minti 20, da hutu. Haka in doki ya sandare bayan gudu, tsokar kuturinsa ta yi tauri, yana zufa, fitsarinsa ya yi ja ko baƙi, tsoka ce ta lalace. Kada ka tausa shi, kada ka tilasta mashi tafiya. Ba shi inuwa da ruwa, ka kira mu. Lalas da wasu ke yi wa ƙafar da ke ciwo ba ya gyara agara, miki kawai yake ƙarawa.

Yadda ake tausar

Bayan sukuwa, sauke sirdi, ka ja shi a hankali minti 10 zuwa 15 har numfashinsa ya daidaita. Sannan ka tsaya gefensa, kusa da kafaɗa, inda yake ganinka.

Na farko, shafa. Da tafin hannu buɗe, bi kwanciyar gashi daga wuya zuwa kafaɗa, baya da kuturi. A nan kake jin inda ya fi zafi ko tauri. Gwada dama da hagu, bambancinsu shi ke tona ciwo.

Na biyu, murza. Da gindin tafin hannu, yi ƴan zagaye a kan tsoka mai kauri: gefen wuya, bayan kafaɗa, kuturi da cinya. Kada ka danna ƙashi, musamman tsakiyar gadon baya.

Na uku, ka rufe da shafa kamar yadda ka fara. Duka minti 15 zuwa 20 sun isa.

Dubi fuskarsa kana yi. In ya sunkuyar da kai, yana lasar baki, yana tauna ko hamma, ya ji daɗi. In ya kwantar da kunne, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ko ya lanƙwasa baya, akwai ciwo a wurin. Sau da yawa sirdi ne. Duba ko yana danna doro, ko shimfiɗarsa ta yi tauri da busasshiyar zufa. Farin gashi da ke fitowa a mazaunin sirdi shaidar tsohon matsi ne, kuma tausa ba ta da amfani muddin ba a gyara sirdin ba.

Danna da yatsa

Wannan dabara daga maganin gargajiyar ƙasar Sin ta fito. Ana ɗora babban yatsa a wani gurbi, a danna a hankali daƙiƙa 30 zuwa 60, a saki. Wurare uku nake koya wa masu doki: tsakiyar goshi, sama kaɗan da layin idanu, layi biyu da ke bin gadon baya dama da hagu, kamar faɗin yatsu uku daga ƙashin, da ɗan ramin da ke tsakiyar baya inda ƙugu ya haɗu da kuturi, wanda Sinawa ke kira Bai Hui. Ina amfani da ita don kwantar da doki da gano inda yake jin zafi. Bincike bai tabbatar tana warkar da cuta ba. Dokin da ke birgima, yana duban cikinsa, yana tonon ƙasa, ciwon ciki ne mai iya kashe shi cikin sa'o'i, likita yake buƙata.

Kowane lokaci da nasa

Damina: ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba suna ɗauko annobar dawaki ta Afirka. Tambayi ma'aikatar kula da dabbobi kan rigakafi tun kafin ruwa ya sauka, ka shigar da doki barga kafin faɗuwar rana. Cire kaska kullum, ka share kofato, don laka da fitsari suna ruɓar da shi. Sabuwar ciyawa a fara ba shi kaɗan-kaɗan.

Kaka: lokacin ajiyar harawa. A busar da ita sosai, a ɗora bisa rumfa. Mai funfuna tana kawo tari da ciwon ciki. A ba da maganin tsutsa bisa shawarar likita.

Ɗari: tsoka na sandarewa da sanyin safe. Shafa shi, ka yi kilisa a hankali kafin ka sake mashi linzami. Ƙura na kawo tari, sai a yayyafa wa harawa ruwa. Ku tuna murar da ta kashe jakuna masu yawa a ƙasarmu a 2019, dawaki ma tana kama su. Dokin da ya dawo daga taro yana tari, a ware shi mako biyu.

Bazara: zafi na wuce digiri 40. Gudu sai da sassafe ko da yamma liƙis. Doki na shan lita 25 zuwa 50 a yini, mai zufa ya fi haka, kuma yana buƙatar gishiri. Kada a hana shi ruwa bayan gudu. A zuba mashi ruwa a wuya, ƙirji da ƙafafu har ya huce. A ɗora abinci cikin kwami, don cin yashi tare da gero na toshe hanji.

Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce ta sayi ma'aunin zafin jiki guda, ta buɗe littafin da za a rubuta awon kowane doki yana lafiya, don ranar da ya canza a gane da wuri. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.