Tambaya da Amsa: Ina Son Shiga Wasan Labari ta Intanet, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Zariya. Na jima ina kallon wasu Amurkawa a YouTube zaune a tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran suna magana da bakin jarumansu, ana jefa dayis ana shewa. Dungeons & Dragons (D&D) suke kiran wasan. Abin ya shiga raina ƙwarai, amma a nan ban san ko mutum ɗaya da ke yinsa ba. An ce mini ana yi ta intanet. Waya kawai gare ni, data sai a hankali, littattafan kuma da dala ake sayarwa. Ga shi wani abokina ya ce caca ce. Ta ina zan fara?

Ɗalibinku daga Zariya

AMSA

Wayar da ke hannunka ta isa, kuma ba sai ka kashe ko sisi a kan littafi ba. Abin da za ka nema da gaske shi ne mutum uku ko huɗu da za su cika alkawarin lokaci.

Wasan kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraro su ne jaruman labarin, mai bayarwa kuma bai san inda za a ƙare ba. Mutum ɗaya ne jagora, wanda a D&D ake kira Dungeon Master ko DM. Shi zai ce: "Kun iso ƙofar gari da almuru, an rufe ta, mai gadi ya ce ba shiga sai da safe." Kai kuma ka ce jaruminka zai lallashi mai gadin. Sai ka jefa dayis mai fuska 20, ka ƙara makin iya magana da ke rubuce a takardar jaruminka. Idan jimillar ta kai lambar da jagora ya tsayar, a ce 15, ƙofa ta buɗe. Idan ba ta kai ba, sai ku nemi wata dabara, ko ku kwana a waje tare da abin da ke yawo a dajin. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da D&D a Amurka a 1974, kuma har yau wannan ce zuciyar wasan.

Ina kyautata zaton Critical Role kake kallo ko makamancinsa. Ka sani cewa Matthew Mercer da abokansa, waɗanda suka fara nuna wasansu a 2015, ƙwararru ne a sana'ar sa murya a fina-finai da wasannin bidiyo. Kada ka auna zamanku na farko da nasu. Za a yi ta in-ina, a manta doka, a koma a duba, kuma haka kowa ya fara.

Game da littafi, kamfanin Wizards of the Coast, mai D&D tun 1997, ya sa dokokin farko kyauta a D&D Beyond, inda za ka iya ƙirƙirar jarumi ma ba tare da biya ba. Amma ni da za ka bi tawa, da ba da D&D za ku buɗe ba. Dokokinsa suna da yawa, haɗa jarumi ɗaya kan cinye wa sabon shiga awa guda, faɗa ɗaya kuma yakan ja lokaci har wanda ke jiran layinsa ya koma duba WhatsApp. Akwai Lasers & Feelings na John Harper, wanda dokokinsa duka shafi ɗaya ne, kyauta, kuma dayis irin na ludo kawai yake buƙata. Akwai Ironsworn na Shawn Tomkin, shi ma kyauta ake sauke shi, har kai kaɗai kana iya yinsa ba jagora, ka saba kafin ka tara jama'a. In kun ji daɗin zama biyu ko uku, sai ku haura zuwa D&D da ƙafar dama.

Kayan aiki kuwa, murya ce kan gaba. Discord mafi yawan 'yan wasa ke amfani da shi, kuma ana iya sa masa Avrae, wata manhaja da ke jefa dayis kowa yana gani. Ku kashe kamara, domin bidiyo ne ke lashe data. Kiran rukuni na WhatsApp ma ya wadatar. In ka rubuta "roll d20" a Google zai jefa maka, a Telegram kuma alamar dayis da ka aika takan tsaya a kan lamba daga 1 zuwa 6. Roll20, wanda ya fito a 2012, yana ba da taswira da takardun jarumai kyauta, sai dai don kwamfuta aka gina shi, a waya wahala za ka sha. Owlbear Rodeo ya fi sauƙi kuma yana buɗewa a waya. Foundry saye ake yi da dala, ka bar shi tukuna. A gaskiya taswira ba dole ba ce. Jagora ya kwatanta wurin da baki, ko ya zana a takarda ya ɗauki hoto ya tura.

Idan sabis yana yawan yankewa ko wuta ba tabbas, ku yi wasan a rubuce. Jagora ya rubuta abin da ya faru, kowa ya amsa idan ya samu sarari, a yi yarjejeniyar saƙo ɗaya aƙalla a kullum. Yana tafiya a hankali, amma ba ya cin data, kuma mai jin kunyar magana da murya yakan fi sakewa a nan.

Kana iya shiga rukunin baƙi. A Reddit akwai sashen r/lfg, a Roll20 ma akwai wurin neman 'yan wasa. Ka nemi wanda aka ce "one-shot" ne na sababbi, wato labarin da ake gamawa a zama ɗaya na awa uku ko huɗu. Ka lura da agogo: ƙarfe 8 na dare a New York ƙarfe 1 ko 2 na dare ne a nan, alhali tsakaninmu da Ingila bambancin bai wuce awa ɗaya ba. Kada ka ba kowa adireshinka ko bayanan bankinka, kuma in zaman ya koma abin da ranka bai so, ka yi sallama ka fita.

Duk da haka na fi so ka tara naka. Da baƙi, rabin hankalinka zai tafi wajen neman kalmar Turanci, barkwancinka kuma ya mutu a hanya. Da abokanka kuwa da Hausa za ku yi, ku kafa labarin inda kuke so: ayarin fatake da ya ɓace tsakanin Kano da Agadas, ko birni mai ganuwa da sarkinsa ya kwanta ciwo 'ya'yansa suna hararar juna. Wannan ma ya raba ku da alloli da tsafin da ke cikin duniyar D&D, in suna damunku. Kuma tunda kai ne ka kawo maganar, kai ne jagora. Kada ka jira wani gwani ya faɗo daga sama. Shirya wuri ɗaya, matsala ɗaya, da mutum uku da za a haɗu da su, kowanne da abin da yake so. Sauran, 'yan wasan ne za su kawo.

Maganar abokinka ba ta wasa ba ce. Caca ita ce a sa dukiya, wani ya ci wani ya rasa. A nan ba a sa komai, kuma ba mai cin wani, domin 'yan wasan gefe ɗaya suke. Sai dai malamai sun yi magana a kan wasa da dayis shi kansa ko da babu kuɗi, saboda hadisan da suka zo a kan nardu, wani wasa da ake yi da dayis. Wannan hurumin malamai ne, don haka ka kai wa malaminka bayanin wasan yadda yake, ka ji daga gare shi. In ka zaɓi barin dayis, wasan bai rushe ba. Tun 1991 aka buga Amber Diceless, wanda ake yanke hukunci a cikinsa da ƙarfin jarumi da dabarar ɗan wasa kawai.

Kafin labari ya fara, ku yi zaman share fage na rabin awa. Ku tsayar da rana da lokacin da ba zai ci karo da salla ko karatu ba, ku faɗi abubuwan da ba ku so su shigo labarin, ku kuma yarda cewa in mutum ɗaya bai zo ba, wasa zai ci gaba, jaruminsa ya tsaya gadin kaya. Zaman farko kada ya wuce awa biyu, kuma kafin kowa ya kashe waya a sa ranar na biyu. Allah ya ba da sa'a, ya kuma taimaka a karatu.