Kaifin Lissafi da Nauyin Baki: Manya Masu Galahanga a Ƙasar Birnin Gwari

"Yana sane, bai ga dama ba ne." Babu maganar da mai wannan rubutu, ma'aikacin jinya da ya samu horo a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, ya fi ji kamar wannan a bakin iyaye da dangi a Tabanni da sauran ƙauyukan gabashin Birnin Gwari, duk sa'ad da aka zo masa da babban mutum mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Hujjarsu kuma ba ta sauyawa: wanda ya iya abu mai wuya haka, ta yaya za a ce ƙaramin abu ya gagare shi?

Akwai wani matashi da ya doshi shekara 30, wanda aka sakaya sunansa da na ƙauyensu a nan. Kawunsa dillalin hatsi ne. Ranar kasuwa matashin kan tsuguna gefen tulin buhunan masara, yana murza igiyar ɗinkin buhu tsakanin yatsunsa, idonsa a ƙasa. Sai kawun ya ɗaga murya: buhu 37, kowanne naira 42,500. Kafin mai saye ya gama lalubo wayarsa a aljihu ya buɗe kalkuleta, matashin ya ce miliyan ɗaya da dubu 572 da 500. Ba ya ɗagowa, ba ya jiran yabo. Idan aka kwance bakin buhu, yakan ɗebi tafi guda ya ware ƙwayoyin da ƙwaro ya huda tun kafin tsofaffin 'yan kasuwa su lura da su.

Shi ɗin dai ne mahaifiyarsa ta aika ya sayo manja da gishiri, ya biya gidan yayarsa ya karɓo rariya. Bayan la'asar aka tarar da shi tsaye a bakin shago, kuɗin a dunƙule a hannunsa, bai sayi komai ba. Mai shagon ya ce masa manja ya ƙare sai man gyaɗa, wannan ɗan sauyin kaɗai ya wargaza masa aiken gaba ɗaya.

"Likita, ka gaya mini gaskiya," in ji kawun, ransa a ɓace. "Mai lissafin miliyan ne zai kasa sayen gishiri?"

"Baba," in ji ma'aikacin, "abin da ke yin lissafi a ka daban, abin da ke riƙe aike daban. Allah ya yalwata masa na farko, ya taƙaita masa na biyu."

Wannan amsa ba lallashi ba ce, abu ne da aka auna. Masana halayyar ɗan Adam suna da gwajin basira mai suna Wechsler, wanda aka kasa gida-gida: fahimtar magana, warware matsala da ido, riƙe bayani a ka na ɗan lokaci, da saurin aiki. A wurin yawancin mutane makin waɗannan sassa kan zo kusa da juna. A wurin masu galahanga da yawa kuwa, sai wani sashe ya cilla sama, wani ya faɗi ƙasa warwas, duk a mutum ɗaya. Tun 1983 Amitta Shah da Uta Frith suka nuna a Landan cewa yara masu lalurar sun fi takwarorinsu gano ƙaramar siffa da aka ɓoye cikin babban zane. A 1993 suka sake samun irin wannan fifiko a gwajin harhaɗa 'yan tubala masu launi don fitar da zane.

Batun sauri shi ya fi rikita mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya. Sashen Wechsler mai auna sauri, inda ake ba mutum fensir ya riƙa kwafar alamomi agogo na tafiya, yana cikin wuraren da masu galahanga suka fi samun ƙarancin maki. Wanda ya tsaya a nan sai ya yanke cewa kansu ne ba ya ja. Amma a shekarar 2000 Frith da Francesca Happé da abokan aikinsu suka ajiye fensirin gefe. Suka riƙa haska layi biyu a allon kwamfuta na ƙiftawar ido, a ce wa yaro ya kwatanta tsawonsu. Yaran masu galahanga suka yi kafaɗa da kafaɗa da yaran da suka ba su tazara mai yawa a gwajin basira.

A 2007 wani bincike a Montreal ta ƙasar Kanada ya ƙara fito da abin fili. Wadda ta jagoranci rubuta shi, Michelle Dawson, ita kanta mai galahanga ce, kuma tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya. Ita da Laurent Mottron da abokansu suka gwada yara 38 da manya 13 da Wechsler, sannan da gwajin Raven, wanda jerin zane-zane ne masu gurbi ɗaya, mutum ya gano ƙa'idar jerin ya cike gurbin ba tare da dogon bayani ba. A ma'aunin matsayi na 1 zuwa 100, yaran sun haura da kimanin mataki 30 a gwajin Raven, wasunsu fiye da 70, manyan ma sun nuna tazara. Bayan shekara biyu Isabelle Soulières ta samu cewa manya masu galahanga kan warware tambayoyin Raven da saurin da ya kai kashi 40 cikin 100 fiye da sauran mutane, ba tare da sun fi su kuskure ba, kuma sashen gani na ƙwaƙwalwarsu ne ke ɗaukar nauyin aikin.

Ke nan ido ya gani, kai ya gama aiki, amma fitar da amsar ta baki ko ta hannu ce ke ɗaukar lokaci. Magana kuma da zarar ta fito ta wuce, ba ta tsayawa a sake dubanta kamar zane ko lamba. Idan aka haɗa da hayaniyar kasuwa, ga injin niƙa, ga babura, ga masu talla, mutumin da kunnensa ke kwasar kowace ƙara da ƙarfi iri ɗaya sai ya rasa wadda zai kama. Manomin Tabanni ya san gona ɗaya kan ƙunshi tudu da fadama, kuma ba ya zagin tudun don bai ba shi shinkafa ba.

Temple Grandin, farfesa a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, ita ma mai galahanga ce, an haife ta a 1947, kuma sai da ta wuce shekara uku kafin ta fara magana. Ta sha faɗa cewa lissafin aljabara ya gagare ta a makaranta. Amma ita ce ta riƙa shiga lungun da ake kora shanu, ta sunkuya daidai idon saniya, ta ga abin da ke sa dabba turjewa: sarƙa mai lilo, inuwa a ƙasa, ƙyallin ruwa, riga a rataye jikin shinge. Daga nan ta zana shingaye masu lanƙwasa da shanu ke bi cikin natsuwa, har ta kai kusan rabin shanun da ake yankawa a Arewacin Amurka suna ratsa wuraren da aka gina bisa zanenta. Duk Bafulatanin da ya taɓa fama da ɗora sa a mota a karar Birnin Gwari zai gane darajar irin wannan idon.

Sai dai ma'aikacin yana jan kunnen iyalai a nan, domin labarin baiwa yana da daɗin ji, yana kuma iya cutarwa. Binciken Patricia Howlin na 2009 a kan masu galahanga 137 ya samu cewa kusan 3 cikin 10 ne ke da wata baiwa ta daban. Sauran ba su da ita, kuma ba su rage daraja ba. Wasu ba sa magana har abada, wasu na da raunin koyo mai tsanani, wasu na fama da farfaɗiya a kan lalurar. A ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don galahanga, an baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan shekara 15 mai galahanga, a dandalin Eagle Square na Abuja, zane mai faɗin fiye da murabba'in mita 12,000 da ya shiga kundin Guinness. Abin alfahari ne. Amma uwar da ɗanta ya girma bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba, ba ta buƙatar a tambaye ta ina tasa baiwar.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da galahanga. Yaran nan girma suke yi, su zama samari da magidanta da matan aure, galibi ba wanda ya taɓa duba su.

Mata sun fi ɓacewa a wannan lissafin, kuma al'ada na da hannu a ciki. Yarinyar da ba ta haɗa ido da manya, ba ta yawan magana, ba ta fita dandali, yabonta ake yi da kunya da kamun kai. Sai an kai ta ɗakin miji abin ke bayyana. Ma'aikacin ya ga wata matar aure da ke saƙa hula da zane mai sarƙaƙiya daga kallo ɗaya, ba ta ɓata ƙirga zare, amma ranar girkinta tashin hankali ce: tuwo a wuta, miya na jira, yaro na kuka, uwar miji na kira, baƙi sun yi sallama. Sai ta shige ɗaki ta toshe kunnuwanta. An ce raini ne, an ce mutanen ɓoye ne, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, ma'aikacin ma ba ya hana ta. Abin da ya roƙa shi ne a daina duka da gori, a bar ta ta gama aiki ɗaya kafin a ɗora mata wani, a kuma raba ranar girkin da wata 'yar uwa. Mijin ya yarda, gidan ya samu sauƙi.

Ga maza kuwa, akwai haɗarin da littattafan Turai ba su san da shi ba. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan ƙasa, daga dajin Kamuku zuwa Kuyambana da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, sun bar zargi a zukatan mutane. A shingen bincike ana son amsa nan take: daga ina, zuwa ina, ɗan gidan wane ne. Saurayi mai galahanga zai kawar da kai, ya yi shiru, ko ya maimaita tambayar da aka yi masa kalma da kalma. Idan aka daka masa tsawa sai bakin ya ƙara ɗaurewa, ko ya ruga da gudu. Idan kuma aka samu ya haddace kowace hanya da kowane rafi a dajin, ko lambar kowace mota da ta wuce, sai baiwar tasa ta zama hujja a kansa, a fara raɗe-raɗin infoma. Wannan shi ne abin da ya fi hana mai wannan rubutu barci. Ƙarar bindiga da gudun hijira ma sun fi yi wa irin waɗannan bayin Allah illa, domin natsuwarsu ta dogara ne da tsarin da suka saba: ɗaki ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya.

Sulhun da Gwamna Uba Sani ya sanar a watan Nuwamban 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru a rufe, ya dawo da zirga-zirga da ciniki, kuma ciniki na buƙatar mai ƙirga, mai awo, mai tantance hatsi, mai gyaran waya. Donald Triplett, mutum na farko a cikin yara 11 masu galahanga da Dakta Leo Kanner ya bayyana a 1943, ya shahara da ninka lambobi a ka. Ya yi aikin banki shekaru da dama a ƙaramin garinsu na Forest a jihar Mississippi, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Mutanen garin ne suka san shi, suka ba shi aikin da ya dace da shi, suka tsare masa mutunci. Dokar Najeriya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Kafin wannan ya iso ƙauye, ɗan kasuwar da ke cin moriyar kan irin wannan matashi ya kamata ya biya shi ladan aikinsa kamar kowane yaron shago, ba kwanon abinci kaɗai ba.

Abin da ma'aikacin ke koya wa iyalai ba ya cin kuɗi. A yi tambaya ɗaya, a yi shiru a ƙirga goma a zuci kafin a sake magana, domin maimaita tambaya da sabuwar kalma na mayar da shi farko. A ba da aike ɗaya-ɗaya, ko a rubuta da boko ko ajami, ko a zana. A faɗi abin da zai yi idan babu abin da aka aike shi: in ba manja, ka dawo gida. A nuna aiki da hannu maimakon dogon bayani. A sanar da shi sauyi tun da wuri, ko tafiya ce ko baƙi. A gabatar da shi ga mai unguwa da liman da shugabannin 'yan sintiri, su san fuskarsa da halinsa tun kafin wata rana ta zo. Idan zai yi tafiya, a sa masa takarda a aljihu mai sunansa da garinsu da lambar wayar wani babba a gidan, da bayanin cewa yana jinkirin amsa.

Tabbatar da lalurar aikin ƙwararren likita ne, ba na ƙaramin asibitin ƙauye ba. Daga wannan yanki ana tura mutane Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga, amma akwai maganin farfaɗiya da rashin barci da tsananin fargaba idan sun haɗu da ita. Duk wanda zai raka mutum can, ya tafi da uwa ko wani da ya san yarintarsa, domin likita zai tambayi shekarun da ya fara magana da yadda yake wasa yana ƙarami. Ya kuma lissafa abin da mutumin ya ƙware a kai kamar yadda zai lissafa abin da ya gagare shi, saboda likitan na buƙatar jin duka biyun kafin ya yanke hukunci.