Darasin Lafiya: Shiri Kafin Hoton Ciki da na Ƙoda

Sau da yawa mutum yakan sayar da hatsi ko akuya, ya biya kuɗin mota zuwa babban asibiti don hoton da likita ya rubuta masa, amma a ce ya koma gida ya sake dawowa saboda ya karya kumallo. Wannan darasi zai taimake mu kauce wa irin wannan asara.

Yaya hoton yake aiki?

Wani masani ɗan Jamus, Wilhelm Röntgen, ne ya gano hasken eksire a shekarar 1895. Hasken yana ratsa tsoka, amma ƙashi yana tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari. Hanji da ƙoda kuwa nama ne mai laushi, ba sa fitowa sosai sai an sa musu abin da zai tare hasken.

Hoton hanyar abinci

Ana ba mutum wani farin ruwa mai kauri kamar kunu, sunansa bariyom. Yana lulluɓe bangon maƙoshi da tumbi da hanji, sai a ga gyambo, ƙari, ko wurin da ya tsuke. In babban hanji ne, ta dubura ake sa shi, bayan an sha maganin wankin ciki.

Hoton hanyar fitsari

Ana yin allurar ruwa mai sinadarin aidin a jijiya. Ƙoda tana tace shi, ya gangara zuwa mafitsara, ana ɗaukar hoto lokaci lokaci. Haka ake ganin tsakuwa, toshewa, ko ɓarnar da tsargiya ta daɗe tana yi wa mafitsara. A yau likita yakan zaɓi sikanin ko bututu mai kyamara a maimakon waɗannan, amma dukansu suna bukatar shiri.

Abin da za ku yi

1. Ku tambaya tun kafin ranar: awa nawa zan yi ban ci ba? Yawanci daga tsakar dare ne.
2. Mace mai juna biyu, ko mai zaton haka, ta faɗa kafin a fara, domin hasken na iya cutar da ɗan tayi.
3. Mai asma, ciwon suga ko ciwon ƙoda, da wanda irin wannan allura ta taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi, kada ya ɓoye.
4. Ku zo da magungunanku da tsoffin hotuna.
5. Bayan bariyom, bayan gida zai yi fari na kwana ɗaya ko biyu. Kada ku tsorata. Ku sha ruwa da yawa don kada ciki ya ɗaure.

Hoto ba magani ba ne. Sai an mayar wa likita da sakamakon kafin kuɗin da aka kashe ya yi amfani.

Don tattaunawa a ƙungiya

Me ke hana mutanenmu komawa da sakamako? Wa zai raka tsoho ko wanda ba ya karatu, ya riƙe masa umarnin asibiti?