Darasin Noma: Gubar Da Ke Kashe Tsutsar Wake

'Yan'uwa, mun san tsutsar nan da ke shiga furen wake da kwansonsa, har ta bar manomi da harawa kaɗai. A darasin watan nan za mu duba wani maganinta wanda asalinsa daga cikin ƙasa ya ke.

Akwai wata ƙwaya mai rai, ba ta ganuwa sai da madubin likita. Masana suna ce da ita Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. A 1901 wani masani a Japan, Ishiwata, ya same ta cikin tsutsotsin siliki da ke mutuwa. A 1938 aka fara sayar da ita a Faransa domin feshi.

Sa'anda abinci ya ƙare mata, ƙwayar ta kan yi wani furotin, ta dunƙule shi kamar ƙwayar gishiri. Ko dunƙulen ya taɓa jikin tsutsa ba ya yi mata kome, sai ta ci shi tukuna. Ruwan hanjin tsutsa kuwa irin ruwan toka ne. Shi ke narkar da dunƙulen, ya yayyanka furotin ɗin, sa'an nan ya zama guba. Watau tsutsa da kanta ke ƙarasa haɗa abin da zai kashe ta. Gubar ta kan manne a waɗansu gurabu a bangon hanji, ta huhhuda shi. Cikin 'yan sa'o'i tsutsa ta daina ci, bayan 'yan kwanaki ta mutu.

Mu fa? Ruwan cikinmu mai tsami ne, hanjinmu kuma ba shi da gurabun nan. Akuya da kaza ma ba su da su.

A 2019 Nijeriya ta yarda da wani irin wake, SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, Zariya, ta fitar. An sa masa abin gado na Bt, waken da kansa ke yin furotin ɗin. Amma kada mu ruɗe. Ba ya kashe darɓa da sauran ƙwari masu tsotso, balle ƙwaron da ke huda wake a rumbu. Feshi ya ragu ne, bai ƙare ba.

Tsutsa kuma ta kan saba. A Indiya, a 2009, an iske wata tsutsar auduga tana cin auduga mai Bt ba ta mutuwa. Domin haka a kan ce a bar shuka marar Bt kusa da gonar, gama tsutsotsin da ba su saba ba za su rayu can, su girma, su yi barbara da masu taurin, 'ya'yansu kuwa gubar ta iya kashe yawancinsu.