Ɗaga Motar Kaya: Wane Hannun Ƙafa Ya Dace da Hanyar Ƙauye?

Da kaka ta yi, aka yanke gero aka kaɗe riɗi, abin da ya rage wa manomi shi ne fitar da amfani zuwa kasuwa. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 titunan kwalta sun ƙaru ƙwarai, amma har yanzu tsakanin gona da kwalta akwai tafiya cikin rairayi, ga kuma taɓo a fadamun Jahun da Miga, ga zaizayar da ambaliyar 2022 ta bari a wurare da dama. Saboda haka masu a-kori-kura da ke jigila zuwa Shuwarin da Gujungu sukan sa a ƙara wa motarsu tsawo, don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa. Dabara ce mai kyau, sai dai akwai wani ƙarfe da ake mantawa da shi, shi ne kuwa ke riƙe da tayar gaba.

A motar Toyota Hilux irin wadda aka fara fitarwa a 2004 da waɗanda suka biyo ta, kowace tayar gaba tana rataye ne a kan hannu biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Makanikai suna kiransu ofa-am da lowa-am. Gindin kowane hannu yana haɗe da jikin mota ta kan roba, watau bushin, bakinsa kuma yana haɗe da taya ta wata gaɓa mai juyawa kamar kafaɗar mutum, ita ce bol-joyin. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba su da hannun sama, wannan magana ba ta shafe su ba.

Idan aka ɗaga gaban mota, ko da dogon sifirin ko da ƙarin faifan ƙarfe a kan shok, sai hannun sama ya sunkuya fiye da yadda maƙeran mota suka tsara. Abu uku ke biyo baya. Gaɓar tana zama a ƙarshen juyinta, duk ramin da aka faɗa sai ta daku. Taya tana karkacewa, gefe ɗaya ya cinye alhali ɗayan yana sabo. Sitiyari kuma ya yi sakwa-sakwa, mota ta riƙa yawo a kan titi, in an sha kwana ba ya komowa da kansa. In gaɓar ta tsinke ana cikin tafiya, taya kwanciya take yi a ƙarƙashin mota nan take, da kaya da fasinja.

To, wane hannu ya kamata a sa?

In ƙarin bai kai inci 2 ba, hannun da motar ta zo da shi ya wadatar, muddin an kai ta an daidaita tayoyi bayan aikin. Robarsa ba ta bukatar giris, ba ta ƙara, kuma ana samun madadinsa a Ƙofar Ruwa a Kano, sabo ko na Beljiyam. Mai sayen na Beljiyam ya dubi robar da ke rufe gaɓar. In ta tsage, rairayi ya riga ya shiga, kuɗinsa ya tafi banza.

Daga inci 2 zuwa 3 kuwa, lalle ana bukatar hannun da aka ƙera musamman don motar da aka ɗaga. Irin wannan an lanƙwasa bakinsa yadda gaɓar za ta zauna daidai, an kuma ja ta baya kaɗan don sitiyari ya koma yadda yake. Kamfanonin Ostareliya kamar Ironman da Old Man Emu suna yin sa, don su ma ƙasarsu ta ƙura ce da doguwar tafiya. Yana da tsada, ba kuma kowane shago ke ajiye shi ba. Amma mai mota ya lissafa tayoyin gaba nawa zai saya a shekara in bai sa shi ba.

Cikin waɗannan hannuwa ma akwai bambanci, nan ne kuwa ake ruɗin mai saye. Wani yana da gaɓa rufaffiya mai ɗan bakin zuba giris. Wannan shi ya fi dacewa da ƙasar Dutse. Wani kuma gaɓarsa buɗaɗɗen ƙwallon ƙarfe ne mai sheƙi, an yi shi don motocin tsere a hamada, inda ake kwancewa a wanke bayan kowane gudu. Yana ba taya damar sauka ƙwarai, ga kyan gani, amma ƙurar hunturu da rairayin jigawa suna shiga su ci shi kamar zarto, ba da daɗewa ba ya fara ƙwanƙwasa. Ɗan kasuwar da ke zagayen kasuwanni shida a mako ba shi da lokacin wannan hidima. Haka bushin: na roba ya fi taushi, ba ruwansa da kulawa, na leda mai tauri, ja ko rawaya, ya fi jure nauyi, sai dai in giris ya bushe yakan yi kuka kamar amalanke. Akwai kuma hannu mai zare wanda ake ƙara masa tsawo ko a rage. Amfaninsa sai inda akwai injin daidaita taya da wanda ya iya shi, in babu, ɓarnarsa ta fi gyaransa.

Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a yanke hannun asali a ƙara masa ƙarfe a wurin mai walda. Arha ne, an sani. Amma wuta tana canza ƙarfin ƙarfe, wurin ɗinkin ne zai fara tsagewa, kuma da wuya hagu da dama su fito daidai.

Wajibi ne mai mota ya gane cewa ɗagawa ba ta ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux an yi ta ne don wajen ton ɗaya, watau buhu 10 na kilo 100, har da mutanen da ke ciki. In an ɗaga ta kuma aka jibga buhu 20, nauyi ya koma sama, ta fi saurin kifewa a kwana. Ɗagawar kuma ba ta nisanta bakaksil daga ƙasa, babbar taya ce kaɗai ke yin wannan. Sau da yawa ma abin da ke fitar da mota daga rairayi shi ne rage iskar taya kaɗan, a mayar in an hau kwalta.

Ranar da za a sa sabon hannu, a canza hagu da dama tare. Kada bakanike ya ƙarasa ɗaure notin bushin mota tana kan jak; sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Bayan mako guda a sake duba notocin. Kafin kaka kuma a ɗaga gaban mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In an ji ƙwas-ƙwas, kada a yi mata lodi sai an canza gaɓar.